Mun San Illuminati, Ba Mu San Ranar Fitar Oro Ba

Makonni biyu da suka wuce, bayan sallar isha'i, na zauna a teburin mai shayi a bakin kasuwar Mile 12 da ke Legas ina jiran cunkoson hanyar Ikorodu ya ɗan lafa. Samari huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya, cikinsu har da ɗan yayata da ya zo daga Funtuwa wata huɗu da suka wuce yana taya ni a rumfar wake. Shayinsu ya huce, ba wanda ya kula. Bidiyo suke kallo. An ɗauko hoton wani mawaƙi ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, an zagaye idon da jan layi, ga wata murya mai kauri tana bayani da Hausa cewa wannan alamar 'yan Illuminati ce, wai ya ba da uwarsa ne aka ba shi suna.

Yaron ya miƙo mini wayar. "Kawu, duba ka gani. Wallahi duk masu kuɗin garin nan a ciki suke."

Na kalla har ƙarshe. Sai na yi masa tambaya ɗaya. "Kai da kake kwana a Ikorodu, in aka ce gobe Oro zai fita, me za ka yi?"

Ya dube ni. "Wane ne kuma Oro, Kawu?"

Tun daga daren nan maganar ta tsaya mini a rai. Yaro ya san sunan ƙungiyar da aka rushe a Turai shekara ɗari biyu da ɗoriya, ya haddace alamomin da ake jingina mata, amma bai taɓa jin sunan Oro, al'adar gargajiyar Yarabawa da ake hana mata fita ranar da ake yin ta, wadda za ta iya rutsawa da shi a layin gidan da yake kwana ba.

Bari in faɗi matsayina tun da wuri. Ban ga laifin mutum ya so sanin abin da ke bayan ƙofar da aka rufe ba. Haka Allah ya halicci ɗan Adam. Ko yaro ka ce masa kada ya buɗe tukunyar can, kana juya baya ita zai nufa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abincin da muke bai wa wannan sha'awa. Muna ɗura mata ƙanzon kurege, mu tashi muna jin mun san gari. Alhali Bahaushen Legas ya fi ɗan'uwansa na Kano ko Sakkwato buƙatar sanin gaskiyar waɗannan abubuwa, domin shi a tsakiyarsu yake kwana yake tashi. Mu ci gaba da tambaya, amma mu san me za mu tambaya, mu san wa za mu tambaya.

Buhu ɗaya muka zuba su

Wake nake sayarwa, na san ɓarnar da ake yi in aka haɗa iri uku a buhu ɗaya. Wani ya nuna, wani yana nan ɗanye, tukunya ta lalace. Haka muka yi wa kalmar "ƙungiyar asiri".

Illuminati ɗin da yaran ke kallo ta taɓa wanzuwa, babu musu. Wani malamin shari'a mai suna Adam Weishaupt ne ya kafa ta ranar 1 ga Mayun 1776 a Babariya, cikin ƙasar Jamus ta yau. Ba ta cika shekara goma ba mahukuntan yankin suka haramta ta, a 1784 da 1785, 'ya'yanta suka watse. Abin da ya rage tun daga nan labari ne, kuma labarin yana kawo kuɗi. Mai haɗa bidiyon yana samun nasa ne da yawan masu kallo. Datar da yaran nan suka ƙona kuwa daga kuɗin dakon da suka yi a cikin rana ta fito.

Ogboni tana nan, kuma ta girmi Nijeriya. A ƙasar Yarabawa majalisar dattawa ce tun kafin zuwan Turawa. Tana yanke manyan shari'o'i, tana da baki a naɗin sarki, tana iya taka masa burki in ya wuce gona da iri. A Abekuta ƙarfinta ya yi fice ƙwarai. A ƙasar Ijebu sunanta Oshugbo, kuma a cikin garin Ikorodu akwai tsohon ɗakin taronsu, wanda suke kira iledi, duk mai wucewa yana ganinsa. Alamarsu ita ce edan, wasu 'yan mutum-mutumi biyu na tagulla, mace da namiji, da aka haɗa da sarƙa. Akwai bauta a ciki, akwai rantsuwa, abubuwan da ba su dace da aƙidar Musulmi ba, wannan kuma ba na ɓoye shi don in faranta wa wani. Sannan a 1914, a nan cikin Legas, wani limamin cocin Angilika, T.A.J. Ogunbiyi, ya kafa wata sabuwa da ake kira Reformed Ogboni Fraternity, wadda lauyoyi da manyan ma'aikata suka riƙa shiga. Ka ga ko su kansu gida biyu ne, mu muka haɗe su.

Iri na uku shi ne na 'yan makaranta da ya gangaro titi. Asalinsa 1952 a kwalejin jami'a ta Badun, inda ɗalibai bakwai, cikinsu har da Wole Soyinka, suka kafa ƙungiyar Pyrates don adawa da girman kai da ƙabilanci a tsakanin ɗalibai. Bayan nan wasu suka yi ta ɓullowa: Eiye a Badun a shekarun 1960, Buccaneers a 1972, Black Axe, wadda ake kira Aiye, a jami'ar Benin a 1977. Ana tafiya ana tafiya makami ya shigo. Ranar 10 ga Yulin 1999 'yan irin wannan ƙungiya suka kutsa ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife kafin gari ya waye, suka kashe ɗalibai biyar. Yau ba sai ka je jami'a ba. Suna tasha, suna ƙarƙashin gada, sun shiga har sakandare.

Wanda ya kira duk waɗannan da suna ɗaya zai yi ta jin tsoron hoton mawaƙi, ya raina al'adar masu garin da yake ci a cikinsa, sannan ya kasa ganin masu zawarcin ɗansa a bakin layi.

Ranar da aka ƙwanƙwasa mana ƙofa

Shekarar da na ɗauko iyalina daga gida, a Ikorodu na kama haya saboda Agege ta fi ƙarfin aljihuna. Gidan ɗaki-ɗaki ne, rijiya a waje. Mai ɗakina ba ta fi wata biyu a Kudu ba, ko "zo" ba ta ji da Yarabanci.

Wata rana da la'asar sakaliya, dattijuwar da ɗakinta ke kallon namu, Bayarabiya mai sayar da busasshen kifi, ta ƙwanƙwasa mana. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Ta kama hannun matata ta ja ta zuwa rijiya, ta sa ta cika duk bokitin da muka mallaka, ta ƙara mata da nata guda. Suka dawo, ta shiga ɗakinmu ta ja labulen taga da hannunta. Sannan ta juyo gare ni da Turancin kasuwa ta ce: "Alaji, iyawo ba za ta fita ba, daga daren nan har gobe. Ko ruwa ya ƙare, ko yaro ya yi kuka. Oro."

Na ce, "To, Mama. Mun gode."

Da dare ya raba muka ji shi. Wani irin ƙugi ne mai tashi da sauka, kamar iska mai ƙarfi ta shiga bututu, ya matso ya yi nisa, ya sake matsowa. Matata ta rungume jaririnmu tana karanta Ayatul Kursiyyu a hankali. Ni kuwa abu ɗaya nake juyawa a zuciyata. Tun a gida al'adarta ce ta fita da guga kafin asuba. Da wannan baiwar Allah ba ta ƙwanƙwasa ba fa?

Oro abu ne na maza. Mace ba ta ganinsa, baƙo ma ana so ya kauce. Ana sanarwa kafin ya fita, amma da Yarabanci ake yi, daga fada zuwa masu unguwanni, kuma sanarwar ba ta biyowa ta ƙofar masallacinmu. Baƙo makaho ne ko da idonsa.

Wanda ya san Shagamu ta watan Yulin 1999 ba zai ɗauki wannan magana da wasa ba. Garin goro ne, Hausawa na zaune a unguwar Sabo tun zamanin kakanni. Rikicin ya tashi a kwanakin Oro, bayan an kashe wata Bahaushiya da aka ce ta fito a lokacin da aka hana mata fita. Kafin a kashe wutar an yi asarar rayuka gommai daga ɓangarorin biyu, an ƙona gidaje da shaguna. Da masu gudu suka isa Kano da labarin, aka yi ramuwa a kan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Alhakin ran matar nan yana wuyan waɗanda suka kashe ta, ba wanda ya isa ya ɗora mata laifi. Amma duk lokacin da na tuna ta, sai in tuna bokitin da maƙwabciyarmu ta ara mana.

Ko Eyo, bikin dodannin Yarabawa masu fararen kaya da ake yi a tsibirin Legas a bainar jama'a, har a talabijin ana nunawa, yana da dokokinsa: ba takalmi, ba hula, ba sigari, ba hawa babur a gabansu. Bahaushe da hularsa kuwa ba sa rabuwa. Wanda bai sani ba sai dai ya ji sandar nan tasu, opambata, a gadon bayansa.

"Musulmi ba ruwansa da tsafi"

Wani abokina mai riƙo da addini, mutumin da nake girmamawa, ya ce mini: "Malam, tambayar ma ƙofa ce. Yau ka tambaya, gobe ka leƙa, jibi ka shiga." Ya kawo hadisin nan da ke cewa yana daga kyawun Musuluncin mutum ya bar abin da babu ruwansa.

Maganarsa tana da nauyi. Na san wanda ya fara da "bari in gani da idona", ya ƙare durƙushe a gaban boka. Amma hadisin da ya kawo shi ne hujjata. Abin da babu ruwanka aka ce ka bari. Me suke faɗa a cikin iledi, wace rantsuwa suke yi, waye ke riƙe da wane muƙami, duk babu ruwana, ban taɓa nema ba. Yaushe Oro zai fita, wane layi zai bi, ƙarfe nawa matata za ta iya zuwa rijiya, wannan ruwana ne tsundum. Sahabi Huzaifa ɗan Yaman ya ce mutane suna tambayar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da alheri, shi kuwa yana tambayarsa game da sharri don tsoron kada ya riske shi. Ba wanda ya ce Huzaifa yana neman shiga sharri.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, masu hana tambaya ba kasafai suke hana yaran kallon bidiyon ido ɗaya ba. Wasu ma su ke turawa a WhatsApp da sunan faɗakarwa. Alhali nan ne hanin yake: bin abin da ba ka da ilimi a kansa, kamar yadda ya zo a suratul Isra'i, da yawan zato da aka ja mana kunne a kai a suratul Hujurat. Surar nan kuma ita ce ta ce an sanya mu dangogi da ƙabilu don mu san juna.

"To ka yarda a kulle mutane a gidajensu ke nan?"

Ban yarda ba. Naƙuda ba ta san Oro ba. Ma'aikaciyar jinya tana da aikin dare. Mai tuyar ƙosai in ba ta fita ba yaranta ba za su ci ba. Sashe na 41 na kundin tsarin mulki ya bai wa kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga, bai ware mace ba.

Kuma ba mu kaɗai ke wannan ƙorafi ba. Yarabawa Musulmi da Kirista sun daɗe suna fama, har a 2018 wata babbar kotun jihar Ogun da ke zama a Ipokia ta yanke cewa ba a yi Oro da rana ba, sai daga tsakar dare zuwa kafin asuba. Dubi waɗanda suka kai ga wannan hukunci. Mutane ne da suka san abin ciki da bai, suka san wa za su kai ƙara, a kan me. Mai ihun "matsafa ne" a teburin shayi bai taɓa rage ko minti ɗaya daga dokar hana fita ba.

"Ruwa ba ya tsami banza"

Wannan ce hujjar da ta fi kowace ƙarfi, kuma ba zan kauce mata ba. A 2016 da 2017 muna Ikorodu lokacin Badoo, wata ƙungiyar makasa. Ana shiga gida cikin dare a farfasa kan iyali gaba ɗaya da dutsen niƙa, miji da mata da yara. Mun yi kwanan zaune a bakin layi, ana ƙona taya, kowa da sandarsa, Bahaushe da Bayarabe da Ibo benci ɗaya. Ba wanda zai gaya mini cewa babu masu zubar da jini don neman duniya.

Amma a watannin nan ne kuma na ga abin da tsoro ke haifarwa in babu sani a tare da shi. Duk baƙuwar fuska ta zama ɗan Badoo. Wani ya yi ihu, a tare mutum, kafin 'yan sanda su iso an cinna masa wuta, daga baya a ji ashe hanyar gidansa yake. Na hana yaran rumfata biyo hanya bayan magariba a lokacin, domin na san in ana neman baƙuwar fuska, tamu ce ta fi kusa.

A junanmu ma ba mu bar juna ba. Akwai wani bawan Allah da muka fara dako tare a kasuwar nan. Ya fi shekara ashirin yana tashi ƙarfe huɗu na asuba. Da buhu biyar na albasa ya fara, yau tirela yake saukewa. Ɗansa ya kwanta zazzaɓi, kwana uku Allah ya karɓi abinsa. Kafin a share makoki magana ta zagaye kasuwa: ai ba da shi ya yi. Ina wurin ranar addu'ar uku. Aka kawo shinkafar sadaka a faranti, na ga mutane suna tura farantin gaba, wannan ya ce yana azumi, wancan ya ce ya ƙoshi. Mutumin yana zaune a kan tabarma yana karɓar gaisuwa, idonsa na bin farantin. Ya gane. Bai ce komai ba. Na jawo farantin na ci, wasu biyu suka sa hannu, amma abin da aka yi masa an riga an yi.

Kalmar "ɗan mafiya" ba ta da tsada a bakinmu. Wanda ya kasa gane yadda ɗan'uwansa ya samu, maimakon ya tambaye shi ƙarfe nawa yake tashi, sai ya ba shi ƙungiya. Bidiyon da ɗan yayata ya nuna mini wannan ɗabi'a yake koyar da shi, tun bai tara ko jarin baro ba.

Mu ma rufaffiyar ƙofa ce

Akwai abin da ba ma son ji. Tsaya a matsayin Bayaraben da ke ratsa Zangon Agege ko Idi-Araba. Ga mutane da harshen da ba ya ji, da Sarkin Hausawansu, suna sasanta rigimarsu a tsakaninsu. Ana ba da bashin miliyoyi babu takarda. Tirela ta iso da tsakar dare ta sauke samari talatin, kafin gari ya waye kowa ya san inda zai sa haƙarƙarinsa. Mu mun san sunan wannan: amana ce, zumunci ne, mai gida ne da yaransa. Shi da ke kallo daga waje me zai kira shi?

Wani direban danfo ya taɓa tambayata, da gaske kuma yake, ko gaskiya ne duk mai gadi Bahaushe ƙarfe ba ya cin sa, kuma muna da wata kalma da in aka faɗa duk Hausawan Legas za su fito da wuƙa. Na ce masa 'yan tauri suna nan, gadonsu ne da wasansu, amma mai gadin layinku in ya yanke da reza jini zai fito. Kalmar da ke tara mu kuwa yana jin ta sau biyar a rana daga lasifikar masallaci. Ya yi dariya, ya ƙi karɓar kuɗin motata. Na ji daɗin tambayar, domin ni ya tambaya. Da yawa ba sa tambaya, suna yanke hukunci ne kawai.

A watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, an tare mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida Kano yin salla. Aka ga bindigogin farautarsu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu. Mun yi kuka, kuma kukan ya cancanta. Amma hanyar da tunanin makasan ya bi, daga alama zuwa zato, daga zato zuwa hukunci, ita ce hanyar da muke bi a teburin shayi in mun ga zoben da ba mu gane ba a hannun wani.

Wadda ba ma hirarta

Ƙungiyar da ta fi cancantar mu sa mata ido ita ce wadda ba ta shiga hirarmu. Mutanen Agege sun san Awawa, yaran da ke fitowa gungu-gungu da reza da ƙananan gatura. Mutanen Ajegunle sun san One Million Boys. Duk shekara in 7 ga Yuli ta gabato, 'yan sanda kan fitar da gargaɗi saboda ranar bikin 'yan Aiye ce. A 2021 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga ɗan ƙungiyar asiri, da shekara 15 ga wanda ya taimaka musu ko ya bari suna taro a gidansa. Mai gidan haya da mai shagon da yara ke taruwa a bayansa, wannan doka ta shafe su. Nawa ne a cikinmu suka san da ita?

Muna ruɗin kanmu cewa matsalar 'ya'yan 'yan Kudu ce. Yaranmu da aka haifa a nan Yarabancinsu ya fi Hausarsu. Makaranta ɗaya suke zuwa da sauran yara, fili ɗaya suke buga ƙwallo. Kuma ba a zuwa wa yaro da maganar jini. Da kariya ake zuwa masa: wanda ya ƙwace maka waya, mu za mu karɓo maka. A saya masa abinci, a kira shi ɗan'uwa. Yaron da ubansa ke fita kafin asuba ya dawo bayan isha'i, wanda ake ce wa "aboki" cikin raini a layinsu, wannan tayi yana da zaƙi a kunnensa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Uba ya kamata ya lura in ɗansa ya sami sabon suna da ba a gida aka raɗa masa ba, ko tabon da ya kasa bayaninsa, ko abokan da in sun kira dole ya tashi ko yana cikin cin abinci. Wani zai ce ai wannan ma karanta alama ce, abin da na gama suka. Da bambanci. Wannan ɗanka ne, za ka zaunar da shi a ɗaki ka tambaye shi, ka saurari amsarsa. Ba taron jama'a za ka tara masa ba.

Rufin ƙofa kaɗai ba ya tayar mini da hankali. Kowane gida yana da ɗakin da baƙo ba ya shiga. Musulmin farko sun riƙa haɗuwa a ɓoye a gidan Arƙam a Makka lokacin da bayyana kai ke jawo azaba. Maƙera da wanzamai da masunta suna da sirrin sana'a da ba sa faɗa wa bare. Abu biyu nake dubawa. Wanda ya shiga, yana iya fitowa da ransa in ya ce ya gaji? Sannan me ke fitowa daga ƙofar zuwa kan titi? A Kano an daɗe ana wucewa ta 'Yan Awaki ana ganin almajiran Muhammadu Marwa Maitatsine sun killace kansu, suna ƙara yawa, suna cin filin maƙwabta. A Disambar 1980 abin ya fashe, rayuka sama da 4,000 suka salwanta. Wannan a gidanmu aka yi, da harshenmu.

Lahadin da ta wuce na ɗauki ɗan yayar tawa muka je gaida mijin dattijuwar nan. Ita Allah ya yi mata rasuwa shekara uku ke nan. Shi tsohon kafinta ne, yana zaune a ƙofar gida a kan kujerar da ya ƙera da hannunsa. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi. Na faɗi abin da ya kawo mu.

Tsohon ya yi masa bayani a tsanake. Ya gaya masa yadda sanarwa ke fitowa daga fada, da layukan da aka fi bi, da abin da zai yi in dare ya rutsa da shi a hanya: ya shiga gida mafi kusa, kada ya tsaya kallo, kada kuma ya kuskura ya ɗaga waya don ɗaukar hoto. Ya ce duk lokacin da aka sa rana zai aiko jikansa ya gaya mini, ni kuma na yi alƙawarin kai wa limaminmu don a sanar da Hausa bayan sallar magariba.

Yaron ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce, "Baba, to mene ne yake yin wannan ƙarar da dare?"

Tsohon ya yi murmushi ya girgiza kai. "Wannan na masu shi ne, ɗana. Abin da zai kai ka gida lafiya na gaya maka."

Ya buɗe baki zai ƙara tambaya, na taɓa masa gwiwa. Muka yi godiya muka tashi, ana kiran la'asar a masallacin bayan layi.